Ƙyallen da Kaka ta Wanke

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan tukuna, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku babu dodo a ciki, babu aljani. A gidanmu anka yi shi, ina kallo.

Shekaranjiya mai wankin bayan gidanmu ya dama sitati, iska ta kawo mini warinsa har ɗaki. Na daɗe zaune da carbi a hannu ban ja ko ɗaya ba, don warin nan ya maishe ni Ƙofar Rini, gidan da anka haife ni, zamanin da soja ke mulki kuma kuɗin mai sunka fara shigowa. Sakkwato ta cika da manyan motoci masu zubar da tsakuwa. Ko'ina ka duba ana haƙa, ana zuba kwalta, ana kafa turaku masu jan fenti a gonakin mutane.

Babanmu manomi ne, shinkafa yake yi a fadama, gero da dawa a tudu. Inna na sayar da koko da safe. Kaka, wadda ta haifi Baba, ɗakinta ne na farko in ka wuce zaure, kuma shi kaɗai ne ba ya yoyo da damina, don Baba da hannunsa yake yaɓe shi kowace shekara. Sai Yaya, babban wanmu, shi kaɗai ya yi boko a gidan. Bai yi nisa ba, amma Allah ya ba shi hannu. Tun yana ƙarami in ya ja layi a ƙasa da tsinke sai ka rantse da zare anka ja shi.

Hannun nan ne ya kai shi ofishin ayyuka, ɗakin masu zane. Injiniyoyi da safiyo su tafi daji su auno, su kawo lissafi, masu zane su mai da shi hoton hanya ko gada ko kwalbati, wanda magina za su bi. Shugaban ɗakin wani dattijo ne Kirista daga wajen Jos, yana zaune a unguwar Gidan Dare da matarsa, malamar makaranta. Mu yara Baban Ofis muke ce masa. Shi ya koya wa Yaya riƙon alƙalamin ƙarfe, da yadda ake kankare kuskure da reza ba tare da an huda wurin ba.

To ga abin da ba ku sani ba. A lokacin ba a kan takarda ake zanen da ake so ya daɗe ba. Wani ƙyalle ne ake kawowa daga Turai a naɗe, an shafa masa sitati har ya yi santsi da ƙarfi kamar takarda, yana ɗan shuɗi-shuɗi, in ka ɗaga shi kana ganin haske ta ciki. A kansa ake zane da baƙar tawada. In zane ya tsufa ko an sake shi, sai a jefar. Matar Baban Ofis ce ta fara gaya wa Inna cewa in an jiƙa shi ya kwana biyu ko ma yini, sitatin da tawadar duk suna fita, a bar ka da farin yadi mai laushi wanda babu irinsa a kasuwa.

Daga nan Yaya ya riƙa kawo mana tsofaffin. Ya ɗauro naɗin a bayan keke, ya jingine shi a bakin ƙofar Kaka, ya wuce. Ba ya ko magana, ita ma ba ta tambaya. Kaka ta warware, ta tsoma a kwatarniya, ruwan ya yi baƙi, warin sitati ya cika gidan. Da ƙyallen Inna ke tace ƙullun koko, har masu saye na cewa kokonta ba ya da tsaki ko kaɗan. Da shi anka yi wa ƙanenmu rigar suna. Ni kaina na yi ɗankwali da wata hanya da ta tashi daga Sakkwato ta nufi gabas, don Yaya ya ce ya gane ta, wai ga inuwar wata gada nan a bayan kunnena. Kaka takan yi dariya ta ce ita ta wanke hanyoyi da yawa a ƙasar nan, gwamna ma bai kai ta ba.

Wata damina labari ya zo cewa gwamnati za ta ɗauki masu zane 'yan kaɗan ta tura su karatu ƙasar waje, su dawo injiniyoyi. Ba a nemi babbar takardar makaranta ba, don ana gaggawar samun mutane. Cewa anka yi kowa ya kawo zane ɗaya cikakke na hannunsa, manya su duba. Baban Ofis ya zaɓa wa Yaya wata kwalbati babba da za a yi a kan wani rafi da ke yanke hanyar ƙauye duk damina. Yaya ya shiga aiki. Daminar nan kusan duk a kan zanen ta ƙare. Ya rame, yatsunsa sunka yi baƙi, in yana cin tuwo sai ka ga yana jan layi a gefen kwano. Duk unguwa ta san ɗan gidanmu na shirin shiga jirgi. Kaka kuwa kullum zancenta ɗaya, wai an ce ƙasar da sanyi, kuma yaron ba ya da rigar kirki.

Ranar wata Jumma'a ya gama. Litinin za a miƙa. Ya ce zai zo da shi gida ya nuna wa Baba, don Baba bai taɓa ganin aikinsa ba sai bayan an wanke. Akwai wani dogon gwangwani da ake saka irin wannan zane, amma ranar wani ya fita da shi, sai Yaya ya naɗe ya ɗaure da zare kamar yadda yake ɗaure tsofaffin. A hanya hadari ya taso. Ya iso gida ana yayyafi, lokacin masallaci ya matse, Baba ya riga ya fita. Ya duba inda ruwa ba zai taɓa ba, ya tura naɗin cikin ƙofar Kaka, ya ɗauki buta ya bi bayan Baba. Kaka tana bayan gida a lokacin.

Ni an aike ni Unguwar Rogo wurin gwaggonmu, ruwa ya tsare ni can. Su Baba ma daga masallaci sunka wuce gaisuwar rasuwa. Da na dawo bayan la'asar rana ta fito, na tarar da wani farin ƙyalle a kan igiya, dogo, mai faɗi, yana ɗigar ruwa. Ban taɓa ganin mai kyau irinsa ba, babu huji, babu tsatsa. Kaka na zaune a gindinsa hannuwanta sun yi shuɗi, tana gaya wa Inna cewa wannan ba na koko ba ne, ta cuɗa shi da ruwan ɗumi don ya yi saurin saki, tela za ta kai wa a yi wa yaron rigar tafiya.

Ana haka Yaya ya shigo. Ya leƙa ƙofar Kaka, ya fito, ya dubi kwatarniya, ya dubi igiya. Ya je ya kama gefen ƙyallen ya ɗaga shi wajen rana, ya daɗe yana dubawa. Kaka ta ce masa ya sake shi kada ya ɓata mata da hannunsa mai tawada. Ya saki. Ya ce, "Ya yi kyau, Kaka." Ya fita zaure.

A zaure Baba ya ji komai. Ya kira Inna da mu duka, ya ce duk wanda ya bari maganar nan ta kai kunnen tsohuwa, shi da shi ne. Sannan ya sa takalmi ya tafi Gidan Dare da ƙafa.

Baban Ofis bai ɓoye gaskiya ba. Ya ce lissafin na nan a ofis, amma aikin damina guda ba ya yiwuwa a kwana biyu, kuma shi ba zai sa hannunsa a zanen ba, don an ce na hannun yaro ake so. Duk da haka ya ɗauko teburinsa na gida a kan amalanke, da sabon ƙyalle, anka kafa a zaurenmu. Ran Lahadi daga coci ko gida bai biya ba, ya zo da kwat ɗinsa ya zauna kan buhun shinkafa yana karanta wa Yaya lambobi. Matarsa ta shiga ciki ta zauna da Kaka tana ta ja mata hira don kada ta fito. An gaya wa Kaka wai ƙarin aiki anka ba Yaya.

Iskar damina ta hana tawada bushewa. Yaya na ta sauri. Ya ɗiga tawada, ya kankare, ya sake ɗigawa, har reza ta huda wurin. Litinin ya tafi da rabin zane, sauran duk fensir ne. Anka ɗauki wani abokin aikinsa. Baban Ofis ya roƙa a ba Yaya lokaci, anka ce jirgi ba ya jira, ya bari sai baɗi. Kafin baɗi gwamnati ta sauya, sababbin sunka ce sai mai babbar takarda.

Rigar ta dawo daga wurin tela, fara sol, da ɗan aiki a wuya. Kaka ta ajiye ta ƙarƙashin matashinta tana jiran ranar tafiya. Anka yi girbi, anka kai shinkafa gida, ba ta ji ana zancen jirgi ba. Wata safiya ina share mata ɗaki ta aika a kira Yaya. Ya durƙusa a bakin gado. Ta fiddo rigar ta ɗora a cinyarta, ta ce, "Ɗan nan, gaya mini tsakaninka da Allah. Abin ga da na wanke, shi ne tafiyarka?"

Ya ce, "A'a, Kaka. Hannuna ne bai nuna ba tukuna. Sun ce in ƙara koyo."

Ta dube shi har na gaji da riƙon tsintsiya. Sannan ta miƙa masa rigar, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya tashi kada ya makara. Daga ranar ko ya kawo naɗi ya jingine mata, nan zai kwana ya wuni, ba ta taɓa shi. Da ya ga haka ya daina kawowa. Inna ta koma tace ƙullu da yadin kasuwa.

Yanzu irin ƙyallen nan ya ɓace a duniya. Bayansa an yi wata takarda mai kama da leda wadda ruwa ba ya ci, daga baya anka koma kwamfuta. 'Ya'yan Yaya sun nuna mini, mutum ya danna abu, gada ta tsaya a gilashi tana juyawa, in ya yi kuskure ya danna ta koma yadda take. Na ce musu lallai kun huta. Amma ban ga wanda za a yi wa ɗankwali da ita ba.

Kaka ba ta ƙara damina biyu ba ta rasu, a ɗakinta. Baba ya bi ta bayan na yi aure, Inna kuma ta daɗe, har ta ga jikokina na fari. Baban Ofis ya yi ritaya ya koma garinsu da matarsa, kuma duk shekara Baba na aika masa da shinkafar fadama har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda anka ɗauka a madadin Yaya ya dawo injiniya, ya zama shugabansa, kuma ba su taɓa samun saɓani ba. Ni ga ni nan, sai godiya.

Yaya kuwa ya bi doguwar hanya. Yana aiki yana karatun yamma, ya ci wannan jarrabawa ya faɗi waccan, ya je Kaduna ya dawo, har ya zama injiniya da furfura a gemunsa. Da kwamfuta ta zo, yaran da ya haifa sunka zaunar da shi sunka koya masa, bai ji kunya ba. Gadojin da ya yi kuna bi ta kansu in za ku ƙauye. Har Allah ya karɓi ransa, duk wanda ya tambaye shi abin da ya sa ya makara haka, amsarsa ɗaya ce, wai a lokacin hannunsa ne bai nuna ba.