Matan Kukuo da Gilashin Mota

Yau na ji abin da ya kashe min jiki. Maigidana babba ne a sabuwar gwamnati, ni ke tuƙa shi. Da safe injin sanyin motar ya koma hura zafi. Na duba, bel ya tsinke. Dole muka sauke gilashi.

A unguwar Kukuo akwai matan da kullum suke ɗaga mana hannu, maigida yana mayar musu. Yau muka ji muryarsu. Ashe ba gaisuwa ba ce! Wata tsohuwa ta matso da busasshen tulu, ta ce, "Ɗana, famfonmu ya ƙafe tun kafin azumi."

Da yamma na ce, "Maigida, na samo bel."

Ya ce, "Ajiye shi tukuna, Salifu. Gara mu riƙa jin muryar mutane."