Yadda Luhende Ya Juya Ruwan Dutse

Luhende mai fasa dutse ne a wani ƙauye kudu da birnin Mwanza, amma ba gadonsa ba ne. Ubansa shinkafa ya noma, a fadamar da ke gindin babban falalen dutsen ƙauyen, inda duk ruwan da ya sauka a kan dutsen yake gangarowa ya kwanta. Lokacin da tsohon ya rasu, Luhende yana bakin tafki wajen kamun kifi. Kafin ya dawo, Bundala, ɗan wan ubansa, ya yanka wa dattawa bijimi, aka zauna, aka ce fadama tasa ce. Luhende kuwa aka bar masa dutsen.

"Ai kai ka more, ƙanena," in ji Bundala a gaban jama'a. "Gonarka ba ciyawa, ba tsuntsu. Sai dai ka nemi fartanya mai ƙwari."

Aka yi dariya.

Da dutsen ya ci abinci. Yakan jibga itace a kan falalen ya cinna wuta, ya bar ta ta ci har dutsen ya yi ƙara, ɓawonsa ya ɗago. Sai ya zura ƙarfe ya ɓamɓare, ya sayar wa magina da masu neman dutsen niƙa.

Wata shekara masu neman zinariya suka ɗauke shi yana nuna musu hanya. Ɗayansu, mai yawan surutu, ya tsaya inda dutsen Luhende mai toka-toka ya haɗu da baƙin dutsen gefe. Ya ce mai toka-tokan da can narkakke ne kamar kunu, a ƙarƙashin ƙasa, kuma ba lokaci guda ya taru ba. Kaɗan zai taso ya huce, wani ya biyo ya kutsa, haka dai har ya ture dutsen da ya tarar a wurin, ya gasa shi.

"Shi na gefen bai san ana cinsa ba?" Luhende ya tambaya.

"Dutse ne fa, Baba. Me zai sani?"

Da ranin nan Luhende ya ɗauke wutarsa daga gindin dutse ya kai ta can sama, daidai kwarin da ruwa yake bi zuwa fadama. Kowace shekara yakan ɓare ɓawo ɗaya daga ɓangaren yamma, tarkacen kuma ya jera shi a bakin kwarin.

Matarsa Minza ta gaji da ganinsa yana saukowa a tanƙware. "Ga na ƙasa kusa da hanya, sai ka hau can kana jan dutse kamar jaki?"

"Na saman ya fi kyau."

"Ka faɗa wa wata, Baban Shija. Na san wannan fuskar."

Ruwan bai yanke farat ɗaya ba. Kunyoyin gefe ne suka fara bushewa, Bundala ya ce damina ce ta yi rowa. Da na tsakiya suka bi, ya ce asiri ne, ya kai wa boka akuya. Sai da furfura ta kama su duka biyu, ran nan ana tsuga ruwa fadamarsa tana nan ƙamas, Bundala ya hau dutsen da sandarsa. Ya ga ruwan da ke shayar da fadamar tun zamanin kakansa yana kwarara yamma, cikin ƙayar da ba ta kowa ba.

Ya kai ƙara. Dattawan da suka ci bijiminsa sun mutu. Na yanzu suka ce dutsen na Luhende ne, da bakinka ka faɗa.

Ya tarar da Luhende a tsakar gida yana cin tuwon masara da ƙananan kifi. Minza ta miƙa wa Bundala kujera, ba ta kawo ruwan wanke hannu ba.

"Ƙanena, ka mayar da ruwan, mu raba fadamar biyu."

"Da me zan mayar, Yaya? Wuta ɓarewa take yi, ba ta liƙewa."

"To ni me zan ci?"

"Kana da ɗa a birni."

Bundala ya ce, "Ka karɓe ta duka, in ita kake so."

"Zan karɓa."

Kafin damina ta gaba Bundala ya tattara ya koma wurin ɗansa. Luhende ya shiga fadamar ubansa da tari a ƙirji da tabon ƙuna har gwiwar hannu. Ko dankali bai yi ba a cikinta. Awakinsa yake ɗaurewa a can, ya zauna a kan tsohuwar kunya yana kallonsu.

Nan Minza ta same shi wata rana da ƙwaryar kunu. Ta dubi ƙasar da ta tsattsage.

"Ka kashe gonar ubanka, ka sani ko?"

"Na sani," ya ce, ya karɓi ƙwaryar. "Amma Bundala ba ya cinta."