Kawu Des da Tsutsar Ciyawarmu

Kawu Des maƙwabcinmu, in ka leƙo ta kan shinge kakan tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, to bari in fara da su. Mijina Sitani lafiyarsa ƙalau, sai ciwon bayan da ka sani. Mama ƙafarta ta kumbura saboda zafin nan, amma tana cin abinci. 'Yata Lupe ta shiga aji biyu, haƙoranta biyu sun faɗi. Ni ma da sauƙi.

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, ina shanya kaya sai 'yarka Noelene ta zo bakin shinge ta ce ka cika da hantsi. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, na kuma gode wa Allah da ya hutar da kai. Wata bakwai kana fama da numfashi, kai da ba ka iya zama wuri ɗaya.

Shekara talatin kana kashe tsutsar ciyawa a gidajen garinmu Logan. Kai ka nuna mini a zuba ruwan sabulu bokiti guda a inda ciyawa ta yi ja, a jira kaɗan, sai ga su suna fitowa. Kakan ce tsuntsaye ba su ƙarya, in sun taru suna caccakar wuri, akwai abin da ke cin saiwa a ƙasa.

Shekara huɗu ke nan da ranar da ba na mantawa. Ka ce wa Sitani ya bari ka yi mana aikin. Ya ce yana da hannu biyu kamar kowa, ya sayo buhun magani a kanti. Ka ce masa, "Kai da gasa nama ma sai ka ƙona? To, in ka barbaɗa ka bi shi da ruwa sosai, kada yarinya ta taka sai ya bushe." Ya barbaɗa, aka kira shi wurin aiki, ya tafi bai ba da ruwa ba.

Lupe tana da shekara uku. Na fito na same ta zaune a ciyawa da yankan burodi mai man shanu, tana tsintar ƙwayoyin maganin tana yayyafawa a kai, kamar 'yan alawar nan da muke barbaɗa wa yara a burodi ranar bikin haihuwa. Gefe ɗaya a gatse yake. Na ɗauki buhun don in gaya wa likita sunan abin, haruffa suka tsaya mini cak, don a lokacin ban fi wata biyu da shiga ajin koyon karatu na manya ba. Na yi ihu. Ka haura shinge da shekarunka sittin da takwas, ka share mata baki, ka buga wa masu ba da shawara kan guba, ka karanta musu sunan, ka kai mu asibiti a motar aikinka. Likitoci suka duba ta suka ce ba ta ci maganin ba, ashe ta gatsa ne kafin ta fara yayyafawa.

Ba ka taɓa goranta wa Sitani ba. Tun daga nan kai kake zuwa, ka yi feshi, ka kafa 'yar tutarka ta gargaɗi, ka gaya mini lokacin da yara za su fita. Kuma kowane zuwa sai ka miƙo mini galan ɗin maganin ka ce, "Losaline, karanta mini, na manta tabarau." Tabaran kuwa yana rataye a wuyanka.

Bana an yi ruwa, tsutsa ta dawo. Ragowar buhun nan yana ɗakin ajiya, na ga Sitani yana kallonsa, na ɗauka zai sake barbaɗa shi. Washegarin jana'izarka ya ɗauko shi, ya sa a mota, ya kai inda hukuma ke karɓar guba. Da ya dawo ya wanke hannu ya ce, "Ki tambayi Noelene ko za ta karɓi aikin ciyawarmu." Ranar na ci abinci har na ƙara.

Allah ya jiƙanka, Kawu Des, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Yadda ka tsare mini 'yata, Allah ya tsare naka. Inna Beryl, Allah ya ba ki haƙurin rashin mijinki da dangana, ya raya jikoki.

Noelene, na ji ke za ki ci gaba da aikin babanki. Ba na son in matsa miki cikin makoki, amma ciyawar tana ta mutuwa. Ki ba ni amsa kafin Juma'a, ashirin da ɗaya ga wata, ki faɗi ranar da za ki zo, in kai Lupe gidan ƙanwata tun da safe.

Losaline Taufa