Goggo Mai Sito da Rumbun Gwaji

Ka taɓa goge aikin da wani ya yi wata goma sha ɗaya yana yi, cikin daƙiƙa arba'in? Ni na taɓa, kuma aikin Goggo Mai Sito ne.

Shekara ashirin da shida ta yi tana riƙe da siton sinadarai na ɗakin gwaje-gwajenmu: kanta goma sha huɗu, kwalabe 2,318. Ta san mai yoyon murfi, ta san waɗanda in aka jera su wuri guda sai an kira 'yan kwana-kwana. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. Da ciwon suga ya fara cin idonta, saura shekara guda ta yi ritaya, sai ta leƙo ofishina.

"Injiniya, juye ni cikin injin nan naka kafin in makance. Wadda za ta gaje ni kada ta ƙone hannu."

Ni ke kula da babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar bayanan sinadarai. Sau uku na girka manhajar a kai: rumbun ɗalibai, rumbun sito, da rumbun gwaji, inda nake jarraba sababbin abubuwa, in ya cika in share. Fuskarsu ɗaya sak, lamba guda ce ta raba adireshinsu. A rumbun gwajin na koya mata, kwana uku, don kada ta ɓata na gaske. Na sa mata alamar da za ta riƙa dannawa. Ban koma na canza ta zuwa rumbun sito ba.

Da yatsa biyu take bugawa, hancinta dab da allo, kwalba goma a rana. In na tsokane ta, ta ce, "Bar ni da tafiyar tawa, kai mai gudu ina ka kai?"

Wata Juma'a da hantsi wuri ya ƙure a kwamfutar, na share rumbun gwaji. Ba na ajiye masa kwafi, tunda na gwaji ne.

Ranar Litinin ta kira ni. "Injiniya, zo ka duba mini. Idon ne ya ƙarasa, ko babu komai a nan?"

Na gaya mata gaskiya. Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi da bakin gyale.

"Duka?"

"Duka, Goggo."

"To, jawo kujera. Yanzu kai ne yatsun."

Mako biyar ya rage mata. Tana faɗa ina bugawa, muka kai 640. Mun shirya ƙarasawa a gida, amma wata biyu bayan ritayar ta samu shanyewar ɓarin jiki, sunayen suka tsere mata.

Tana gidan 'yarta yanzu. Na je sau goma sha ɗaya. Duk zuwa sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ka raba biyun nan na kanta ta tara?" Kwalba 171 ne a kantar, ban san waɗanne take nufi ba. Ita ma ba ta sani ba.

In kana da manhaja fiye da ɗaya a kwamfuta guda, ka sa wa ta gwajin jan launi a samanta, aikin minti biyar ne. Kafin ka share komai kuma, buɗe ka ga wa ya yi rubutun ƙarshe, kuma yaushe. Don Allah ka gwada yau.