Waken Hannatu a Mangazar Ɗantala

Yayata Hannatu ba ta taɓa karɓar ƙwai a hannun mutum ba tare da ta gwada shi cikin ruwa ba. Ko ni Kubra, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, in na kai mata ƙwan zabi daga Dogon Dutsi, sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta zagaya bayan ɗaki da ƙwarya. Ina zaune ina jin motsin ruwan. Tana dawowa ta hau godiya da sa albarka, kamar ban san abin da ta je yi ba.

Haka Allah ya yi ta tun muna yara a Gesheme. In ka yi mata kirki sai ta zuba maka ido ta ga abin da zai biyo baya. In ka yi mata rowa hankalinta ya fi kwanciya, don a ganinta ta riga ta san inda ka dosa. Ni aka kai lakwal, makarantar boko, har na zama malama, ita ko baƙi ba ta sani ba. Amma a kan wake ba na ja da ita. Ta damƙi hannu ɗaya ta shinshina, ta gaya maka ko na Matankari ne ko na fadama, da ko an zuba masa magani.

Mijinta Mamman fataucin wake yake yi. Yana bin ƙauyukan Tibiri da kaka yana saye tiya-tiya, ya cika buhuna, ya ƙetara da su Kangiwa a ƙasar Kabi. A can yana da mai masauki, Alhaji Ɗantala. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka mai masauki wurin kwana kawai yake bayarwa. Shi ke ajiye kayan baƙo a mangazarsa, wato ɗakin ajiyarsa, shi ke nemo masu saye, shi ke magana da ƴan kwastan. In matan Yarbawa sun zo daga kudu da motocinsu, shi ke jin yarensu, shi ne kuma suka sani, ba baƙon ba. Duk abin da yake ci da shi a kasuwar nan sunansa ne.

Da Mamman ya rasu, Ɗantala ya zo ta'aziyya har Gesheme, ya tsaya bakin zaure ya aika wa Hannatu cewa hanyar abokinsa ba ta rufe ba, in tana so ta ci gaba mangaza tata ce. Ni kam na yi hawaye. Ita kuwa ta jawo ni kusa ta ce, "Mi yaka nema?"

Ta karɓi hanyar dai, don ƴaƴa biyar aka bar mata. Shekara takwas tana kai kaya, shekara takwas tana sa masa ido. Takan ƙulla bakin buhu da wani ƙulli nata, ta je ta duba ko an taɓa. Takan tura wata mata ta yi kamar mai saye don ta ji farashin da yake faɗa. Ba ta taɓa kama shi da ko ƙwayar wake ba, wannan kuwa shi ya fi damunta. Ta ce mutumin da ba a taɓa kamawa ba ya iya ne kawai. Ba zan wanke kaina ba, ni ma nakan taya ta. Muna hira in ce, ai mutanen can wayo gare su, ta ce kin gani ko.

Wata shekara ƴan furoje, masu aikin taimakon manoma, suka zo Gesheme da wani irin buhu mai leda biyu a ciki. A zuba wake, a matse iska, a ɗaure leda ta farko, a ɗaure ta biyu, a ɗaure na waje. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu, wake ya yi wata shida ba ko ɗigon magani. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ledar ta huje. Hannatu ba ta yarda ba, ba sai na faɗa ba. Sai da ta ajiye buhu ɗaya a ƙuryar ɗakinta daga kaka har bazara, ta buɗe ta ga wake fes, sannan ta sayi buhunan. Ta kuma san matan kudu sun fi son waken da ba ya warin magani.

Shekarar da aka rufe iyaka, bayan juyin mulki, kaya suka koma bin daji a kan babura da amalanke. Hannatu na fama da gwiwa, ba ta iya zaman babur na rabin wuni. Dole ta ba ƴan dako buhu arba'in ba ta tare da su. Kwana uku ta yi tana wani aiki da na kasa ganewa. Kowane buhu mai leda sai ta zura shi cikin tsohon buhun shinkafa, ta ɗinke baki da zare. Wanda ya gani zai ce wake ne kamar na kowa.

Na ce, "Yaya, wannan wahala ta mece ce?"

"In sunka ga buhun furoje sun san na kirki na. Su sauke mani a daji su ɗora wani."

"To ki gaya wa Alhaji mana, shi da za ya aje."

Ta dube ni kamar na ce ta ba shi makullin ɗakinta. "Ke boko ta ɓata ki. In ya san waken ga na iya kai bazara lahiya lau, shi za ya saida abinai ya aje mani ruɓaɓɓe."

Kaya suka isa. A gabana ta kira shi a waya sau uku ran nan. Ta ce ba ta yarda da ƴan dakon nan ba, ya tabbatar mata wake ne cikin kowane buhu, ba ƙasa ba, ba ƙaiƙayi ba. Ya ce to. Da la'asar ya kira ya ce ya duba duka arba'in da hannunsa, wake ne mai kyau. Ta ce ya ajiye sai bazara, kada ya kwance baki, kada ya sa magani. Na ji muryarsa daga inda nake: "Matar Mamman, wake ba magani har bazara? Ƙwari za su cinye shi." Ta ce haka take so. Ya sake kiranta a kan maganar nan sau biyu cikin sanyi, kowane kira kuma sai ta ajiye waya ta ce mini, "Kin ji yadda hankalinai ya tashi? Akwai abin da yaka shiryawa."

Aka buɗe iyaka, zafi ya shigo, wake ya yi tsada. Sai ga wayar Ɗantala. Masu saye sun zo, an duba kaya, wake ya zama gari. Hannatu ba ta yi kuka ba. Wallahi abin da na gani a fuskarta ya fi kama da jin daɗi, na wanda ya daɗe yana jiran baƙo ya ga ya iso. Ta ce in nemi hutu a lakwal in raka ta.

Muka isa Kangiwa ranar kasuwa da hantsi. Ɗantala ya taso da fara'arsa, tsoho dogo mai farin gemu, ya sa a kawo mana fura. Ba ta ko kalli furar ba. Ta wuce rumfar shugaban ƴan hatsi, wani da ake ce wa Maikano, ta faɗi ƙararta da murya sama yadda duk layin zai ji. Ta ce waken da ta aiko ba ya ruɓewa, ta san abin da ta sani, wannan ba nata ba ne, an musanya. Mutane suka taru, har da matan kudu da ke jiran lodi.

Maikano ya nemi a shiga ciki a yi magana. Ta ƙi. Ya ce ta duba ɗinkinta. Ta duba ta ce ɗinki ana koyonsa. Ɗantala ya ce, "Matar Mamman, na hwaɗa miki sau uku a sa magani." Ta ce magana ɗaya ta kawo ta, ya dafa Alƙur'ani.

A kasuwar nan ɓarawo ake sa wa rantsuwa, ko wanda ba a san asalinsa ba. Maikano ya ce, "Baiwar Allah, shekara arba'in mutumin ga na nan, ba a taɓa ba." Ta ce yau za a taɓa. Na ja mata gyale, ta fizge. Ɗantala ya tashi ya yi alwala a gaban kowa, a hankali, yana wanke kowace gaɓa kamar ba shi ake jira ba. Aka kawo littafin, ya ɗora hannu, ya rantse cewa waken da aka sauke masa shi ne wannan. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ita ko ba ta gamsu ba. Ta ce a zazzage buhu a gabanta. Aka farke ɗinkin buhu ɗaya, sai ga buhun furoje a ciki, ga ƙullinta uku ba wanda ya taɓa. Ɗantala ya matso yana kallo, ya ce, "Leda ce ciki?" Hannatu ta zaro ledar ta ɗaga ta sama. Rana ta shigo ta wata huda a gefe, zagayayya, girman ɗan yatsa. Leda ta biyu ma haka, a daidai wurin. Aka buɗe wani buhun, haka.

Ta ce, "Wa ya huda mani?"

Ɗantala ya shiga mangaza ya fito da wani ƙarfe mai tsini, mai kogo a ciki. Kowane ɗan hatsi a layin nan yana da irinsa. Ana soka shi a cikin buhu, ƙwaya ta gangaro tafin hannu, a zare, a murza wurin da yatsa saƙar ta koma. Haka suke duba kaya ba tare da sun kwance baki ba.

Ya ce, "Ke kinka ce in tabbatar da kowane. Ban ba yara ba, ni na bi su ɗai-ɗai."

Na ga yayata ta zuba wa ƙarfen ido. Ta san ƙarfen nan, ta sha ganin ana soka shi a buhunan Mamman. Tsoron ƴan dako ne ya cika mata kai har ta manta yadda ake duba hatsi a Kangiwa. Ta zauna a kan buhun da aka zazzage, ƙwari na hawa zaninta ba ta kore su ba. Zan faɗi wannan don hakkinta: ba ta nemi mafita ba. Da muryar da ta kawo ƙara da ita ta ce laifinta ne, ita ta ɓoye masa ledar don ba ta yarda da shi ba, ya yafe mata.

Ɗantala ya ce ya yafe, duniya da lahira. Ya ce zai nemo masu kiwon kaji su kwashe garin, kada ta tashi a banza. Hannatu ta fara cewa in Allah ya kai mu kaka, za ta aiko da buhunan a fili, kowa ya gani.

Ya girgiza kai. "A'a, matar Mamman. Ki nemi wani mai masauki."

"Alhaji, ai ka ce ka yahe."

"Na yahe. Amma matan can sun ga hannuna bisa littahi. Kahin su kai gida labari ya riga su, kuma ba za a ce an gane huda ba, za a ce an sa Ɗantala rantsuwa." Ya miƙa wa Maikano ƙarfen kamar ya yi masa nauyi. "Shekara takwas na san kina aiko mata su tambayi kuɗin kaya. Na yi shiru don Mamman. Wagga ba ni iya ɗauka."

Hannatu ta juya wajen sauran masu mangaza da ke tsaye. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya tuna yana da aiki a rumfarsa.

A mota, mun wuce shingen ƴan kwastan muna cikin ƙasarmu, ta jingo kusa da kunnena ta ce, "Kubra, wa ya sani ko ya ji ledar tun farko ya yi shiru?" Na juya fuskata wajen taga, na gaji. Muka yi tafiya mai nisa, direba na ta kaucewa ramuka. Can ta ce, ba da ni ba, "Bai ji ba." Ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi, har muka shiga Gesheme ba ta buɗe ba.