Man Inji a Bindigar Iska

Jama'a, yau saura ƙiris in watsa ƙauyenmu Kekun Waje da hannuna!

Kun san 'yar bindigar iskan nan da nake korar tsuntsaye da ita a gonar dawa? Kwana biyu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na tambayi maƙwabcina Iro, mai gyaran babur, wane mai ya dace da ita. Ya ce, "Malam, mai ai mai ne!" Ya tsiyayo min man inji, na ɗura mata har cikin ramin iska.

Da hantsi na gwada ta a bayan gida. Daram! Wallahi kamar bindigar gaske, har da hayaƙi! Ashe man ne ya kama wuta a ciki.

Sai ihu ta ko'ina: "Ɓarayin daji sun shigo!" Mata suka saɓi yara. Innata ta bar tuwo a wuta ta yi gona. 'Yan sintiri suka zagaye ni, babbansu ya ce, "Aje ta, ɗaga hannu!" Ina ta rantsuwa bindigar iska ce. Da ƙyar mai unguwa ya ƙwace ni.

Ashe Iro ma ya tsere. Yanzun nan ya bugo min daga Gusau, yana haki: "Malam, wa da wa aka ɗauke?"