Ƙwayar da Inna Iyatu ta ji

Shekara goma sha tara Malama Wasila ta yi tana koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Sakkwato. Mace ce mai faɗa, ba ta ɗaukar wargi a aji. Kullum da Turanci take jero wa ɗalibai matakan: ƙwayar halitta, tsoka, gaɓa, sannan jiki sukutum. Ba ta taɓa zaton za ta buƙace su da Hausa ba.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da mijinta Junaidu. Uwarsa, Inna Iyatu, ta taso daga Wamakko. A gabanta likita ya ce ƙwayoyi ne suka lalace masa. Tsohuwa ta ji "ƙwaya", ita kuwa ƙwaya ɗaya ta sani, wadda 'yan shaye-shaye ke haɗiya. Ta ja mayafi ta koma gida, ta ce ba ta haifi mashayi ba.

Kai, Wasila ta ji zafi! Mutumin da ko goro ba ya ci. Ga shi jiki na ƙarewa, ba abin da yake roƙo sai uwarsa ta sa masa albarka.

Wasila ta bi ta har Wamakko, ta tarar da ita gindin rumbu. Ta durƙusa, ta murje gero a tafin hannu.

"Inna, mi aka kiran wanga?"

"Ƙwayar hatsi mana."

"Su ka taruwa su yi zangarniya, zangarniya ta yi dame, dame ya cika rumbu. Haka Allah ya gina ɗan Adam, da 'yan ƙwayoyin da ido bai gani. Na ƙodar ɗanki ne sunka mutu, kamar yadda ƙwari ke cin hatsi. Wallahi bai sha komi ba."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon geron. Sai ta ce, "Innalillahi. Ashe ni na zalunce shi."

Da la'asar suka iso asibiti, Junaidu ba ya iya buɗe ido. Ɗan fari ne, don haka tun haihuwarsa kunya ba ta bar Inna ta ambaci sunansa ba. Ta kama hannunsa.

"Junaidu," in ji ta, "ka yafe mini."